Alli da Allo a Ƙasar Sin: Koyar da Turanci a Tsakanin Masu Jin Sinanci

 

Shugaban wannan zama, iyayena malamai, abokan sana'a, ƙannena ɗalibai maza da mata. Ina gode wa waɗanda suka shirya taron nan, da suka ga ya dace in tsaya a gabanku in yi bayani a kan aikin da Allah ya nufe ni da yi na wasu shekaru, wato koyar da Turanci a ƙasar Sin.

Gabatarwa

Matasa sukan tare ni da tambayoyi iri ɗaya: "Malam, da gaske ana ɗaukar malaman Turanci a Caina? Nawa ake biya? Wa zai yi mini hanya?" Duk tambayoyi ne da suka cancanci amsa. Sai dai akwai wadda ta riga su, wadda ya kamata kowa ya fara yi wa kansa: shin ni malami ne? A kan wannan tambaya maganata ta yau ta tsaya. Zamanin da ake ɗaukar duk wanda bakinsa ya iya Turanci a tura shi aji ya wuce a ƙasar Sin. Abin da ya rage aiki ne na malamin gaske, mai takardu na halal, wanda ya san sana'arsa. Kuma ina da yaƙinin cewa wanda ya tashi da Hausa a bakinsa, ya koyi Turanci da guminsa a kan benci, yana riƙe da jarin da wanda aka haifa cikin Turanci ba shi da shi.

Yadda Turanci ya sami gindin zama

Ba jiya Sinawa suka fara neman harsunan waje ba. A 1862, bayan kashin da suka sha a hannun Ingila da Faransa, gwamnatin daular Qing ta buɗe makarantar Tongwen Guan a Beijin don horar da tafintoci, kuma da Turancin Ingilishi aka fara. Da aka kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, Rashanci ya karɓe fage a makarantu. Turanci bai dawo da ƙarfinsa ba sai bayan 1978, lokacin da jagoransu Deng Xiaoping ya buɗe ƙofofin ƙasar ga ciniki da duniya. A farkon shekarun 1980 gidan talabijin na ƙasa ya riƙa nuna wani shirin koyon Turanci na BBC mai suna Follow Me, miliyoyin mutane suna zama a gaban akwati da littafi da biro.

Shekarar 2001 ita ce ta sauya komai. A cikinta Ma'aikatar Ilimi ta ba da umarnin a fara koyar da Turanci tun daga aji uku na firamare. A cikinta aka ba Beijin damar karɓar baƙuncin wasannin Olamfik na 2008. A ƙarshenta kuma ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Daga nan Turanci ya zama mabuɗin aiki, da ƙarin girma, da karatu a waje.

Amma wanda yake son ya fahimci ɗalibin Sin, sai ya fahimci jarrabawar da suke kira gaokao, ta shiga jami'a. An dawo da ita a 1977 bayan an dakatar da ita a zamanin juyin al'adu. Ana fara ta ranar 7 ga Yuni kowace shekara, kuma a 2024 waɗanda suka yi rajistarta sun haura miliyan 13. A yawancin larduna jimlar makin 750 ce, harshen waje yana da 150, daidai da Sinanci, daidai da lissafi. Wanda ya shiga jami'a kuma yana da wata jarrabawar Turanci ta ƙasa a gabansa, wadda aka fara a 1987. Wannan girmama jarrabawa gado ne, domin kusan shekara 1,300 sarakunan Sin suka yi suna zaɓen ma'aikata ta hanyar jarrabawa, har zuwa 1905 da aka soke tsarin. Ku haɗa wannan da dokar haihuwar ɗa ɗaya da ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015. Yaro ɗaya, uwa da uba da kakanni huɗu duk idonsu a kansa, duk abin da suka tara a kansa zai ƙare. Irin wannan yaron ne zai zauna a gabanka a aji.

Kasuwar ta sauya

Wannan ƙishirwa ta haifar da makarantun lesin masu zaman kansu a kowane lungu. Kamfanin New Oriental, wanda Yu Minhong ya kafa a 1993, ya girma har ya shiga kasuwar hannun jari ta Niyok. Kamfanoni irin su VIPKid suka riƙa haɗa yaran Sin da malaman da ke zaune a Amurka da Kanada ta intanet. A wancan zamani ne baƙo zai sauka daga jirgi ranar Litinin, Laraba ta same shi a gaban aji, ba wanda ya tambaye shi ko ya taɓa riƙe alli.

A watan Yulin 2021 gwamnati ta fito da manufar rage nauyi biyu, wato nauyin aikin gida da nauyin lesin bayan makaranta. Aka hana kamfanoni neman riba da koyar da darussan makaranta ga yaran firamare da ƙaramar sakandare, aka hana lesin a ranakun hutu, aka kuma hana ɗaukar malaman da ke zaune a ƙasashen waje su koyar da yaran ta intanet. New Oriental kaɗai ya sallami ma'aikata 60,000 a wannan shekara. Ga kuma raguwar haihuwa: jariran da aka haifa a 2016 sun kusan miliyan 18, a 2023 kuwa ba su wuce miliyan 9 da 'yan kai ba, har makarantun rainon yara sun fara rufewa.

To, idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Guraben da suka rage suna jami'o'i da kwalejoji, da makarantun gwamnati masu ɗaukar malamin waje, da makarantun kuɗi masu bin manhajar Ingila ko Amurka, da cibiyoyin manya masu shirin jarrabawar IELTS ko neman Turancin kasuwanci. Jami'a albashinta bai kai na sauran ba, amma takan ba da gida, awoyin aiki kaɗan ne, hutu kuma mai tsawo. Makarantun kuɗi sun fi biya, sun kuma fi tsananta sharaɗi, domin shaidar malanta suke nema da gogewa ta shekaru. Duk wanda ya zo muku da labarin garaɓasar shekara goma da suka wuce, labarin kasuwar da ta riga ta watse yake ba ku.

Ƙofar shiga

A nan nake roƙon ku buɗe kunnuwa sosai, domin a nan ne 'ya'yan mutane suke faɗawa rami. Bizar da malami yake aiki da ita a ƙasar Sin ita ce mai harafin Z. Makarantar da ta ɗauke ka ita za ta fara nema maka takardar amincewa daga hukumar can. Da wannan takarda za ka je ofishin jakadancinsu a Abuja ko ƙaramin ofishinsu a Legas. Idan ka sauka, cikin awa 24 sai an yi rajistar masaukinka a wurin 'yan sanda, cikin kwana 30 kuma sai ka mayar da bizar ta zama izinin zama, bayan gwajin lafiya. Tun 2017 aka kasa ma'aikatan waje gida uku, A da B da C, kuma malaman harshe galibi a rukunin B suke. Abin da aka saba nema shi ne digiri na farko, da gogewar shekara biyu ko shaidar horon koyar da Turanci irin TEFL ko CELTA, da takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi. Takardun nan sai hukumomin gida sun tantance su, sannan ofishin jakadanci ya buga musu hatimi.

Izinin aiki a ɗaure yake da makarantar da ta nema maka shi, da kuma aikin da aka rubuta a ciki. Ba za ka ɗauke shi ka je wata makaranta ka yi 'yan awoyi da yamma ba. Dokar shige da fice da ta fara aiki a 2013 ta tanadi tarar yuwan 5,000 zuwa 20,000 ga baƙon da ya yi aiki ba bisa ƙa'ida ba, idan laifin ya yi nauyi a haɗa masa da tsarewa ta kwana 5 zuwa 15, sannan ana iya tasa ƙeyarsa a hana shi dawowa na shekaru.

Ejan zai ce maka: "Shiga da bizar karatu ko ta kasuwanci, idan ka isa za a gyara." Wani zai ce: "Za mu rubuta ka a matsayin manaja, amma aji za ka shiga." Ƙannena, duka biyun tarko ne. A 2018 matasa 51 'yan Afirka ta Kudu sun maƙale a ƙasar Sin, an karɓe fasfonsu, saboda wani ejan ya kai su koyar da Turanci da bizar karatu. Sai da gwamnatinsu ta sa baki suka koma gida. Ranar da jami'ai suka shigo makaranta bincike, ejan ba ya nan, kai ne a tsaye da alli a hannu. Wanda ba shi da takarda kuma ba shi da bakin kai ƙara idan an riƙe masa albashi. Kada ka biya kowa kuɗi don ya ba ka aiki. Kada ka bar fasfonka a hannun mai makaranta. Ka karanta yarjejeniya da kyau, ka sa wanda ya iya Sinanci ya duba maka kwafin Sinancin, domin shi ake kafa hujja da shi idan rigima ta taso. Ka nemi a haɗa ka da wani malamin waje da ke aiki a wurin, ka ji ta bakinsa.

Fasfo da launin fata

Ba zan ɓoye muku abin da ke da ɗaci ba. A aikace, makarantu da ofisoshin ba da izini sun fi sakin jiki da masu fasfon ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Najeriya da Gana, duk da Turanci ne harshen hukuma da na makaranta a cikinsu, ba sa cikin wannan jeri, kuma yadda ake sassautawa ya bambanta daga lardi zuwa lardi. Bayan fasfo akwai fata. Makarantu da yawa sukan nemi hoto tun kafin su duba takardu, domin wasu iyaye sun ɗauka farar fata ita ce shaidar iya Turanci. Na sha aika takarduna a yaba, in aika hoto a yi shiru. Kuma ba mu manta da watan Afrilun 2020 ba, lokacin annobar korona, da aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal a Gwanzu, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa ɓacin ran Najeriya.

Wannan rashin adalci ne, kuma sunansa ke nan. Amma ƙofar ba a rufe take ruf ba. Jami'o'i sun fi duba digiri na biyu da na uku fiye da fuska. Wanda ya yi karatu a ɗaya daga cikin ƙasashen nan bakwai yakan sami sauƙi. Wanda kuma zai iya koyar da lissafi ko kimiyya ko tattalin arziki da Turanci, ya fita daga takunkumin da aka sa wa malamin harshe. Abin da na gani da idona shi ne, iyayen da suka yi ɗari-ɗari da kai a farkon zango, idan ɗansu ya dawo gida yana haɗa jimla da bakinsa, su ne za su je wurin shugaban makaranta su ce kada a sauya musu malami.

Cikin aji

Yanzu mu shiga inda aikin yake. Abu na farko da zai tare ka shi ne shiru. Aji mai ɗalibai arba'in ko hamsin, ka yi tambaya, kowa ya sunkuyar da kai. Baƙon malami yakan ɗauka ba su gane ba ne, ko ba sa so. Ba haka ba ne. Yawancinsu sun san amsar. Tun zamanin babban malaminsu Konfushiyas, fiye da shekara 2,500 da suka wuce, malami a wurinsu mutum ne da ake saurara, ba a katse shi. Sannan ɗalibi yana tsoron ya yi kuskure a gaban tsara mutuncinsa ya zube, yana kuma gudun a ce yana nuna kansa. Mu da muka tashi da kunya da kara, muka san yadda yaro yake durƙusawa a gaban malaminsa ido a ƙasa, ba sai an fassara mana wannan shirun ba.

Maganinsa ba tsawa ba ne. Ka ba su minti biyu su rubuta amsa kafin su faɗa. Ka haɗa su biyu-biyu su gwada a tsakaninsu, inda ba kunnen da ke jin kuskuren sai na aboki. Ka tambayi rukuni maimakon mutum ɗaya, domin wanda yake magana da yawun rukuni nauyin ya ragu a kansa. Idan ɗalibi ya yi kuskure, kada ka tsayar da shi a tsakiyar jimla. Ka tara kurakuran, a ƙarshen darasi ka rubuta su a allo ba tare da ambaton mai su ba, aji duka ya gyara. Su da kansu suna kiran matsalarsu Turancin bebe: mutum ya shekara goma yana karatu, ya iya nahawu, ya ci jarrabawa, amma ba zai iya tambayar hanya ba. Aikin da aka ɗauko ka dominsa shi ne buɗe wannan bakin.

Abu na biyu shi ne furuci. Gaɓar kalma a Sinancin Mandarin da wasali take ƙarewa, ko da ɗan sautin hanci, kuma ba a jera baƙaƙe biyu ko uku a wuri ɗaya. Saboda haka idan ɗalibi ya haɗu da kalmar Turanci mai cunkoson baƙaƙe, sai ya cusa wasali a tsakani, ko ya ƙara shi a ƙarshe. Abin da kakanninmu suka yi ke nan da suka ji kalmomin Turawa suka mayar da su burodi da bokiti. Wanda aka haifa cikin Turanci yana jin kuskuren, amma bai san daga ina ya fito ba, iyakarsa ya ce a sake faɗa. Kai kuwa ka san inda harshe yake tuntuɓe, domin naka ya yi tuntuɓe a wurin, kamar yadda muka sha fama kafin mu raba sautin p da na f. Za ka iya nuna wa ɗalibi inda zai ajiye harshensa da leɓɓansa, mataki-mataki.

Haka batun karin sauti. Mandarin yana da kari huɗu, Kantonis da ake yi a Gwanzu da Hon Kon yana da shida, kuma sauya kari sauya ma'ana ne. Hausa ma haka take: da kari muke raba kukan da yaro yake yi da kukar da ake miya da ganyenta. Turanci ba ya aiki da wannan tsari. Shi gaɓa ɗaya yake dannawa a cikin kalma ya sassauta sauran, sannan ya ɗaga murya ko ya sauke ta a kan jimla gaba ɗaya. Ɗalibin Sin yakan ba kowace gaɓa nauyi ɗaya, mu ma haka muka fara. Wannan kunnen da Hausa ta ba ka shi zai sa ka ji matsalar ɗalibinka da wuri, shi ne kuma zai sauƙaƙa maka koyon Sinanci, abin da yake ba Turawa da yawa wahala.

Abu na uku nahawu. A Sinanci aikatau ba ya sauya siffa don nuna lokaci. Kalmar da ke nufin jiya ko gobe, da wasu 'yan ƙananan kalmomi, su suke ɗaukar wannan nauyi. A Hausa ma muna cewa na tafi, zan tafi, mu bar aikatau yadda yake, lokacin ya fito a abin da ya gabace shi. Don haka ruɗanin da ɗalibin Sin yake shiga idan ya ga aikatau na Turanci yana rikiɗa, mun san shi. Ƙananan kalmomin nan da Turanci yake sawa a gaban suna don nuna sananne da wanda ba a sani ba, babu su a Sinanci, kuma mu ma sun ba mu aiki. Inda muka rabu da su shi ne jinsi: a bakinsu lafazi ɗaya ne yake nufin shi da ita, sai a rubuce ake bambantawa, shi ya sa za ka ji ɗalibi ya kira mahaifiyarsa da wakilin sunan namiji. Ba sakaci ba ne, harshensa ne yake bin sa, kuma yawan maimaitawa cikin hira ne yake gyara shi.

Abu na huɗu hadda. Malamai da yawa daga Yamma sukan raina yadda ɗaliban Sin suke haddace kalmomi da sakin layi, su ce wannan ba ilimi ba ne. Ni ban yarda da su ba. Yaron da ake so ya san haruffan Sinanci kusan 3,500 kafin ya gama ƙaramar sakandare, dole hadda ta zama ƙashin bayan karatunsa. Mu da muka wanke allo muka sake rubutawa, muka yi tilawa da asuba, mun san hadda taska ce, kuma fahimta takan biyo bayanta. Kada ka rushe abin da ɗalibi ya zo da shi. Ka karɓi jimlolin da ya haddace, ka sauya masa yanayi, ka sa shi ya yi ciniki da su, ya yi musu, ya ba da labari, har su tashi daga na littafi su zama nasa.

Sannan ka girmama abokan aikinka Sinawa. Su suke ɗauke da nauyin jarrabawa, su suke amsa saƙonnin iyaye a WeChat har dare, kuma sau da yawa albashinsu bai kai naka ba. Ka tambaye su inda suka tsaya a manhaja, ka ɗora darasinka a kai. Ranar 10 ga Satumba, ranar malamai a ƙasar, za ka ga irin darajar da suke ba wannan sana'a. Ka kuma san iyakarka: aji ba wurin siyasa ba ne. Batun Taiwan da Tibet da Xinjiang da abin da ya faru a dandalin Tiananmen a 1989 suna iya raba malami da aikinsa. Doka kuma ta hana baƙo yin wa'azin addini ga 'yan ƙasa. Halinka shi ne zai yi magana a madadinka.

Zama a cikinsu

Musulmi zai iya rayuwa a can, amma da shiri. 'Yan ƙabilar Hui, Musulmi masu jin Sinanci, sun haura miliyan 10, kuma kusan kowane gari akwai shagunan taliyar Lanzhou da naman sa, masu alamar halal a ƙofa. Ka koyi gane wannan alama tun kafin ka tashi, domin naman alade da kitsensa suna cikin girkinsu na yau da kullum. Akwai tsofaffin masallatai, irin na Niujie a Beijin, da Huaisheng a Gwanzu, da babban masallacin Xi'an. Juma'a ranar aiki ce, saboda haka ka nemi a gyara maka jadawali tun kafin ka sa hannu a yarjejeniya. Ka kuma sani hukuma tana sa ido sosai a kan harkar addini, musamman a Xinjiang, inda ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a Agustan 2022 kan take haƙƙin Musulmin Uigur.

WhatsApp da Facebook da Google a toshe suke a babban yankin ƙasar. Da WeChat da Alipay ake saƙo, da su ake biyan kuɗin mota da na abinci. Agogonsu yana gaban namu da awa bakwai, lokacin da ka tashi aiki iyalinka suna tsakiyar safiya, lokacin da suka sami sukunin hira kai dare ya raba. Sanyin arewacin ƙasar ya wuce duk hunturun da muka sani. A bikin sabuwar shekararsu gari yakan watse, kowa ya tafi garinsu, baƙo ya rage shi kaɗai. Ka adana takardun biyan haraji, domin banki zai neme su kafin ya canza maka kuɗi ka aika gida. Ka yi nesa da duk abin da ya shafi ƙwaya, ko da riƙe wa wani jaka ne a filin jirgi, domin hukuncin fataucinta yana kaiwa ga kisa. Kuma ka koyi Sinanci. Malamin harshe da ya ƙi zama ɗalibin harshe ya manta zafin da ɗalibansa suke ji.

Masu jin Sinanci ba a babban yankin kaɗai suke ba. Hon Kon tana da shirin ɗaukar malaman Turanci daga waje a makarantun gwamnati tun 1998, kuma Kantonis ne harshen titi a can. Taiwan ta ƙaddamar da manufar zama mai harshe biyu zuwa 2030, tana da makarantun lesin masu yawa, ofishin kasuwancinta kuma yana Legas. Kowannensu da dokarsa da bizarsa, kada ka auna ɗaya da ma'aunin ɗaya. Akwai ma wata ƙofar da mukan manta: Gidan Rediyon Sin yana watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, shekara takwas kafin Najeriya da Sin su ƙulla hulɗar jakadanci a 1971, kuma ana koyar da Hausa a Jami'ar Harsunan Waje ta Beijin. Harshen da kuka sha a nono shi ma abin koyarwa ne a can.

Kammalawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da yake da wannan buri ya fara tun yau. Ka riƙe karatunka da kyau, ka gyara furucinka da rubutunka har su kai inda ba mai kushe su. Ka sami shaidar malanta, ka yi rajista da hukumar malamai. Ka koyar a nan gida shekara biyu ko uku, a aji mai cunkoso, domin wanda ya iya riƙe yara tamanin a makarantar gwamnati ba ajin da zai ba shi tsoro. Idan da hali ka ƙara digiri na biyu. Ka fara koyon Sinanci, akwai cibiyoyin Konfushiyas a Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, akwai kuma darussa a intanet. 'Yan'uwana mata, wannan kira har da ku, domin mafi yawan masu koyar da ƙananan yara a can mata ne, kuma ana neman masu haƙuri da sanin aiki.

Iyayena malamai, ina roƙon sassanmu na Turanci da na Hausa su ɗauki koyar da harshe ga wanda ba nasa ba a matsayin fanni mai zaman kansa, su kwatanta wa ɗalibai tsarin Hausa da na Turanci da na wasu harsuna, domin wannan ilimi ake saye a duniya. Iyaye kuma, kada a sayar da gona a miƙa wa ejan kuɗi kafin a ga takardar amincewa daga hukumar can.

Wanda Allah ya nufa da tafiya, ya tuna cewa yaran da za su zauna a gabansa amana ce, kuma wataƙila shi ne baƙar fata na farko da za su sani ido da ido. Yadda ya riƙe su, haka za su ɗauki duk wanda zai zo bayansa. Ya shiga ta ƙofa, ya yi aikin da gaskiya, ya lura da yadda suka gina makarantunsu, sannan ya dawo ya amfanar da yaranmu da abin da ya gani, domin su ma suna jiran malami.

 Allah ya sa albarka a karatunku, ya ba mu ilimi mai amfani.